Almakashin likita da ya yi tsatsa

Shagona yana unguwar Zango a Damagaram, ba nisa da kasuwar Dole. Zane nake yi a kan ƙarfe da na'urar leza: suna a zobe, lamba a makulli, tambarin shago a faranti. Mahaifina maƙerin fari ne, kuma har gobe cewa yake abin da babu zuga-zugi ba ƙira ba ne. Ina ƙyale shi.

Na'urar mai wat 30 ce, ƙirar Sin, ta Kano ta iso mini. Haskenta ido ba ya ganinsa, kuma ba zuba yake kamar ruwan famfo ba, harbi take yi ɗaya bayan ɗaya, dubbai cikin daƙiƙa. Kowane harbi ana auna shi da nanosakan, wato daƙiƙa a raba ta biliyan. Da na ɗauka sauri ya ƙare daga nan.

Sai wani likita ya kawo almakasai da hantsuka na aikin asibiti, in sa musu sunan asibitinsa. Rubutu ya fito baƙi wuluk, ya biya, ya yi godiya. Ba a yi wata biyu ba ya dawo ya ajiye almakashi ɗaya a teburina. "Malam, duba aikinka." Tsatsa ja ta bi kowane harafi, kamar an shafa kunun kanwa ya bushe, sauran jikin kuwa fes.

Laifin zafi ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wanda ake ƙera waɗannan kaya da shi, yana da wata fata siririya ta sinadarin kuromiyam da ke kare shi. Harbin na'urata ya daɗe har ƙarfen ya gasu, fatar ta lalace, tururin da suke dafa kayan da shi ya samu ƙofa. Na mayar masa da kuɗinsa.

Daga nan na fara karatu a kan leza mai gajeren harbi, ta pikosakan da femtosakan. Pikosakan nanosakan ne a sake raba shi dubu, femtosakan kuwa a raba shi miliyan. Harbin yana ɗauke saman ƙarfen ya wuce kafin zafi ya ratsa gefe. Abin da yake bari wasu ƴan kunyoyi ne kamar na gona, ƙanana ƙwarai, masu haɗiye haske, sai wurin ya yi baƙi ba tare da ƙuna ba. Da irin wannan sassaƙar masu bincike a jami'ar Rocesta ta Amurka suka yi ƙarfen da ɗigon ruwa ke tsalle a kansa ya gangare. A jami'ar ne kuma Gérard Mourou da Donna Strickland suka gano dabarar ƙarfafa wannan harbi a 1985, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2018.

Kuɗin irin wannan na'ura ya fi ƙarfin shagona, ga ƙurar hunturun Damagaram da ko tawa sai na goge madubinta kullum da safe. Yanzu in an kawo kayan asibiti, ɗaya nake zanawa in jiƙa shi a ruwan gishiri ya kwana biyu tukuna. Likitan dai bai sake dawowa ba.