Ranar da iyalin Homs suka iso

Talata, 14 ga Nuwamba, 2017

Yau ne iyalin nan 'yan gudun hijira, mutanen birnin Homs na Siriya, da muka shafe makonni bakwai muna nema wa gida suka iso daga Labanan, saboda haka ina idar da sallar asuba na wuce gidan tare da ma'aikaciyar ƙaramar hukuma da aka ɗora wa alhakin kula da su. Mun tarar da ɗakunan da sanyi kamar ruwan randa, muka kunna na'urar ɗumama gida, muka shimfiɗa zannuwan gado, muka jera shinkafa da man girki da shayi da sukari a ɗakin girki. Ni kuwa na auna alƙibla da wayata na manna 'yar alama a bangon falo, domin a shekara biyu da na yi ina wannan aikin tafinta na lura cewa tambayarta ba ta wuce daren farko.

Mutane da yawa a nan Birtaniya suna zaton gwamnatin tsakiya ce ke yin komai, kuma gaskiya ne a Landan aka ɗauki alkawarin. An fara shirin tsugunar da 'yan gudun hijirar Siriya a watan Janairun 2014 da mutane ƙalilan, sai a Satumban 2015, bayan hoton gawar yaron nan Alan Kurdi a gaɓar tekun Turkiyya ya girgiza duniya, Firaminista David Cameron ya ce za a karɓi 'yan Siriya 20,000 zuwa shekarar 2020. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke tantance su a Labanan da Jodan da Turkiyya da Iraƙi da Masar, tana fifita waɗanda aka azabtar, da masu matsanancin ciwo, da mata da yaran da ke cikin haɗari. Sai dai ba a tilasta wa kowace ƙaramar hukuma ta karɓi kowa, sa kai ne, kuma muddin wata ba ta ce ga gida a shirye ba, iyalin za su ci gaba da zama inda suke ko da an gama tantance su tun bara.

A nan gizo ke saƙar. Ƙaramar hukuma tana samun fam 8,520 a kan kowane mutum a shekarar farko, kuɗin yana raguwa daga fam 5,000 a shekara ta biyu har ya koma fam 1,000 a ta biyar, kuma da shi ake biyan kayan ɗaki da tafinta da ma'aikacin da zai bi su asibiti da makaranta. Amma haya daga tallafin gidaje take fitowa, shi kuwa yana da iyakar da kuɗin haya a kasuwa ya daɗe da zarce ta. Gidajen hukuma kuma akwai 'yan gari da suka yi shekaru a layi suna jira, don haka aka koma neman masu gidajen haya. Maigidan wannan iyali a keken guragu yake, dole sai gidan da ba a hawa bene. Masu gida biyu sun amsa sannan suka janye, ɗaya ma ana saura kwana uku a sa hannu. Wata dattijuwa da ta ji sanarwa a cocinsu ce ta ba da nata a ƙasa da abin da za ta samu a kasuwa, kuma ban ji ta yi wa kowa gori ba.

Da azahar muka tarye su a filin jirgi, su shida: maigida da matarsa, yara uku, da mahaifiyarsa. Larabcin da na koya a Khartoum ya sha bamban da na Sham, ina buɗe baki babbar 'yar ta rufe fuska tana dariya, ni ma na yi, kuma ina jin wannan dariyar ce ta sassauta zaman motar. Da muka shiga gida tsohuwar ba ta kalli gado ko kujera ba, murhun girki ta nufa ta daɗe tana juya makunninsa.

"Ɗana, wannan gas ɗin nawa ne tulunsa, kuma ina ake cika shi?"

"Hajiya, ba tulu, ta bututu yake zuwa, kati kawai za a riƙa sa wa kuɗi."

Ba ta gamsu ba sai da na nuna mata mitar da ke ƙarƙashin matattakalar waje, ta ga lambobin da idonta. Daga nan ta fito da wata tsohuwar tukunyar gahawa daga jakarta ta ɗora a wuta, ta hana mu tafiya sai mun sha, har da ma'aikaciyar da ke ta duba agogo.

Muna shan gahawar ne maigidan ya jawo ni gefe ya tambaye ni a hankali ko hukuma za ta iya kawo ƙanensa da ya baro a kwarin Beka na Labanan da 'ya'ya huɗu. Na fassara tambayar kamar yadda ya yi ta, na kuma fassara amsar kamar yadda aka ba da ita, cewa ƙaramar hukuma gida take bayarwa, ba ita ke zaɓen wanda zai zo ba. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya saka da alheri, bai ƙara magana ba.

Gobe da ƙarfe tara za mu kai su rajistar likita, daga nan ofishin tallafi, ranar Alhamis kuma makarantar yaran da ajin koyon Turanci na manyan. Sai da na iso gida ina cire riga na ji katin gas ɗin a aljihuna, saboda haka dole in biya ta wurinsu tun kafin bakwai.