Abin da wasiƙar Sarki Qianlong ta koya mini game da aikin tafinta

Fassara ce sana'ata, da ita nake ci da ita nake sha, kuma na shafe shekaru ina yin ta kafin na koma makaranta don ƙaro karatu a fannin tarihin hulɗar ƙasashe. A zangon farko aka ba mu aikin rubutu a kan tawagar da Sarki George na Uku na Ingila ya aika fadar Sarki Qianlong na ƙasar Sin, wadda ta tashi daga Portsmouth a watan Satumba na 1792 ƙarƙashin jagorancin George Macartney, ba ta kuwa isa gaban sarkin ba sai ranar 14 ga Satumba na 1793, a Chengde, can arewa da Babbar Ganuwa inda sarkin yake hutun bazara. Na ɗauki aikin da sauƙi, domin kusan duk littafin da na buɗe labari ɗaya yake bayarwa: Turawa sun je neman ciniki, an ce jakadansu ya kai goshinsa ƙasa ya ƙi, sarki kuma ya sallame su da wasiƙar da ke cewa daularsa tana da komai, ba ta da bukatar kayan da Ingila take ƙerawa. Na cika shafi goma sha biyu a kan girman kai da yadda yake rufe idon mai mulki, na miƙa ina ganin na gama da maganar.

Da malaminmu ya dawo mini da takardar, ban ga maki ba. Abin da na gani tambayoyi uku ne da jan biro a gefen wurin da na kawo jimlar nan ta sarki: wa ya fassara wannan, yaushe aka fassara ta, kuma me sarkin ya rubuta wa wasu a cikin waɗannan kwanaki? Tambayar farko ce ta fi yi mini zafi, domin ni da nake kwana ina tashi da sauya magana daga wani harshe zuwa wani, na ɗauki jimlar Turanci na sa ta a bakin mutumin da bai taɓa furta kalmar Turanci ba, ban kuma tsaya na tambayi ta hannun wa ta biyo ba.

Amsar da na samo ta rushe rabin abin da na rubuta. Fassarar da duniya take ta maimaitawa ta fito ne a 1914, shekara 121 bayan zuwan Macartney, kuma shekara biyu bayan faɗuwar daular Qing, wato gidan sarautar da Qianlong ya fito, daga hannun Edmund Backhouse da J. O. P. Bland, a lokacin da Turawa da ma 'yan bokon Sin masu neman sauyi suke da sha'awar nuna cewa tsohuwar daular jahilci da taurin kai ne suka kashe ta. Shi Backhouse daga baya an gano cewa ya ƙirƙiri takardun bogi a wasu ayyukansa. Wasiƙar Qianlong ta gaskiya ce, tana nan a ajiye, amma muryar da muke jin ta da ita muryar 1914 ce. Wani abu da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne an tsara daftarin wasiƙar tun kafin Macartney ya ga fuskar sarki, wanda ke nufin ko da ya durƙusa sau ɗari, amsar tana nan a rubuce tana jiran sa.

Tambaya ta uku kuwa ita ta buɗe mini ido sosai. A daidai lokacin da fada take sallamar baƙi da wasiƙa mai cike da kalmomin sarauta, sarkin yana aika wa gwamnonin lardunan gaɓar teku wasu takardu na cikin gida masu wani irin harshe dabam. A cikinsu ya nuna cewa Ingila ta fi sauran ƙasashen yammacin teku ƙarfi, kuma tun da an ƙi biya mata bukatunta, tana iya neman fitina, saboda haka ya umarci a tsare tashoshin jiragen ruwa, a jera sojoji cikin shiri a hanyar da tawagar za ta bi ta koma, a kuma ja kunnen jami'an kwastan na Guangzhou kada su tsawwala wa 'yan kasuwar Ingila har su ba su hujja. Wanda ya rubuta wannan ya san abin da ya zo masa a cikin jirgin yaƙi mai igwa 64. Dattijo ne da ya haura shekara tamanin, ya yi kusan shekara sittin a kan gado, sojojinsa ba su daɗe da gama yaƙi da Gurkha na ƙasar Nepal a kan iyakar Tibet ba, kuma fadarsa tana da labarin abin da Kamfanin Gabashin Indiya, babban kamfanin kasuwancin Ingila, yake yi a Indiya. Na fahimci cewa wasiƙar da ya aika wa Sarki George takarda ce ta sallamar baƙo ba tare da an ba shi komai ba kuma ba tare da an ba shi dalilin faɗa ba, ni kuwa na karanta ta kamar littafin sirrin zuciyarsa.

Sai da na koma na dubi abin da Macartney ya roƙa na ga dalilin wannan taka-tsantsan. Tun 1757 an taƙaita cinikin Turawa na teku a Guangzhou kaɗai, inda dole su yi hulɗa da wasu 'yan kasuwa ƙalilan masu izinin hukuma. A 1784 Ingila ta rage harajin ganyen shayi daga kashi 119 cikin ɗari zuwa kashi 12.5, sayen shayi ya yi tashin gwauron zabo, azurfa kuma tana ta kwarara zuwa Sin saboda Sinawa ba su damu da ulun Ingila ba. Don haka jakadan ya nemi a bar wakilin Ingila ya zauna a Beijing, a buɗe Ningbo da Zhoushan da Tianjin, a sassauta haraji, a kuma ba su wani ƙaramin tsibiri kusa da Zhoushan inda za su ajiye kaya su zauna. A rubutuna na farko na kira waɗannan "bukatun ciniki" na wuce. Amma duk sarkin da baƙo ya zo masa da jirgin yaƙi ya ce a yanka masa tsibiri, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wurin da na fi daɗewa a kansa shi ne kalmomi, domin nan ne sana'ata take. Turawan sun zo da kaya masu yawa, har da na'urar da ke nuna tafiyar rana da wata da taurari, da madubin hangen nesa, da agogai, da tangaran na Wedgwood, da kekunan doki, kuma a wurinsu wannan kyauta ce daga sarki zuwa ga sarki ɗan'uwansa. Jiragen kogin da suka ɗauke su zuwa Beijing kuwa an kafa musu tutoci masu cewa ga jakadan Ingila ya kawo gaisuwa. Na zaɓi kalmar gaisuwa da gangan, domin Bahaushe ya san bambancin nan fiye da mai jin Turanci: tsaraba daban, kyauta daban, tukuici daban, gaisuwa kuma ita ce abin da na ƙasa yake kai wa na sama, kuma karɓarta ma wata magana ce. Macartney ya san abin da aka rubuta a tutocin, ya zaɓi ya yi kamar bai gani ba don kada tafiyar ta lalace tun a hanya. Haka nan da aka fassara muƙaminsa da kalmar da Sinawa ke kiran manzon da sarkinsu ya aika da kansa, fada ta sa aka canza ta zuwa mai kawo gaisuwa. Kowane ɓangare ya koma gida da takardun da ke nuna cewa fahimtarsa ce ta tabbata.

Tsakanin waɗannan ɓangarori biyu akwai mutum ɗaya da ban ko ambaci sunansa ba a rubutuna na farko, abin da har yanzu yake damuna. Sunansa Li Zibiao, ɗan lardin Gansu, wanda aka kai Naples ta Italiya tun yana yaro ya yi karatun zama limamin cocin Katolika. A duk Ingila ba a sami wanda zai iya aikin ba, sai da mataimakin jakada, George Leonard Staunton, ya je har Naples ya ɗauko shi. Li ba ya jin Turanci a lokacin, saboda haka maganar jakada tana bi ta Latin ko Italiyanci kafin ta zama Sinanci, amsa kuma ta dawo ta wannan hanya. Ya shiga ƙasarsa cikin tufafin Turawa da sunan aro, domin ya san abin da ya faru a 1759, lokacin da James Flint, wani ɗan kasuwar Ingila, ya kai ƙarar jami'an Guangzhou har Tianjin: Flint ɗaurin shekara uku ya sha a kusa da Macau, amma Basinen da ya taimaka wajen rubuta ƙarar kashe shi aka yi. Da wannan a ransa ya tsaya a gaban Heshen, babban wazirin sarki, yana juya magana. Kuma da Macartney ya miƙa bukatu shida, amsar fada ta dawo tana ƙin har da wata da bai rubuta ba, wadda ta shafi 'yancin yaɗa addinin Kirista, kuma binciken masana ya nuna cewa Li ne ya shigar da maganar Kiristocin Sin a cikin saƙon.

Ban iya yanke wa Li hukunci ba, domin na tuna wata rana da na yi wa wasu baƙi tafinta a gaban wani hakimi. Sun nemi fili don wani aiki, hakimi ya saurara har suka gama, ya gyara zaman rawaninsa, ya ce, "Mun ji, za a duba." Duk wanda ke zaune a zauren ya san an rufe maganar. Ni kuwa na ga fuskokin baƙin cike da fata, na ji nauyin in zama mai kawo mummunan labari, sai na juya musu kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba tare da na gaya musu nauyinsu ba, suka fita suna musabaha, suka yi wata uku suna jiran takarda. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, amma na ɓatar da su. Li ya ƙara abin da ba a faɗa ba saboda mutanensa, ni na rage abin da aka nufa saboda kunya, kuma a duka biyun waɗanda ake yi wa fassara sun ɗauka muryar ɗaya ɓangaren suke ji kai tsaye.

Batun kai goshi ƙasa, wato durƙusawa sau uku da taɓa ƙasa da goshi sau tara, shi ne aka fi yayatawa, kuma da farko zuciyata ta karkata ga Macartney, domin Musulmi ba ya jin daɗin labarin sujada ga ɗan'adam. Amma dalilinsa ba na addini ba ne. Hujjarsa ita ce kada a ɗauki sarkinsa a matsayin bara, har ya ba da shawarar cewa zai yi idan wani jami'in Sin mai daraja irin tasa zai yi haka a gaban hoton Sarki George. A ƙarshe, bisa ga nasa bayanin, gwiwa ɗaya ya sa a ƙasa, sarki ya karɓe shi, har ya kwance ƙaramar jaka daga ɗamararsa ya ba George Thomas Staunton, yaro ɗan shekara 12 da ya koyi Sinanci a cikin jirgi ya kuma yi 'yan kalmomi a gaban sarki. Tawagar Holan da ta zo a 1795 ta yi durƙuson yadda aka so, ba ta kuma koma da wani sabon hakkin ciniki ba.

A 1816 ne al'adar ta zama ainihin abin da ya wargaza tafiya. Lord Amherst, sabon jakadan da Ingila ta aiko, ya iso fadar Yuanmingyuan kusa da Beijing da asuba bayan tafiyar dare, aka ce ya shiga wurin Sarki Jiaqing, magajin Qianlong, nan take, ya ce ya gaji kuma kayan adonsa da takardunsa ba su iso ba, fadawa suka gaya wa sarki wai rashin lafiya ce, sarki ya fusata ya sa aka kore su a ranar ba tare da an gana ba. Wanda ya fi matsa wa Amherst kada ya yarda da durƙuson shi ne yaron nan da aka ba jaka, wanda a lokacin ya zama babban jami'in Kamfanin Gabashin Indiya a Guangzhou, ya kuma riga ya fassara kundin dokokin Qing zuwa Turanci a 1810. Na daɗe ina ɗauka cewa rashin jin harshen juna ne tushen rikicin, kuma da an sami masu jin harsunan biyu da an zauna lafiya. Tarihin Staunton ya hana ni riƙe wannan ra'ayi, domin a watan Afrilu na 1840, yana ɗan majalisar dokoki, ya tashi ya goyi bayan yaƙin da Ingila ta yi da Sin a kan cinikin ofiyam, wani abin sa maye, gwamnati kuma ta tsira da ƙuri'a 271 a kan 262. Yarjejeniyar Nanjing ta 1842, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin, ta buɗe tashoshi biyar, har da Ningbo da Macartney ya roƙa, ta kuma miƙa tsibirin Hong Kong.

Na sake rubuta aikin daga farko, na ajiye wasiƙar sarki kusa da umarnin da ya aika wa gwamnoni, na ware wa masu fassara sashe guda, wanda ya zama mafi tsawo a takardar. A wurin aiki kuma, idan mai sarauta ya ce za a duba, nakan fassara kalmominsa, sannan in nemi izini in gaya wa baƙo yadda ake fahimtar su a wannan zaure, ko da fuskarsa za ta canza. Li Zibiao, da tawagar ta koma, bai bi ta zuwa Ingila ba duk da an yi masa tayin hakan. Ya rabu da su a Macau, ya sake shiga cikin ƙasa a ɓoye, ya zauna a lardin Shanxi yana hidimar 'yan tsirarun Kiristoci har ya rasu a 1828.