Ledar Rasitan Yaya

Yayata tana shayar da autanta ne ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, bai wuce girman gurjiya ba, kuma ba ya ciwo. Ta je asibitin gwamnati na kusa da su, likita ya ce ruwan nono ne ya daskare, ya rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sau uku tana komawa cikin wata takwas. Ko sau ɗaya ba a ce ta je ta yi hoto ba, balle a ɗebi ɗan nama a kai awo. Sai da fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemu, kaluluwa ta fito mata a hammata, sannan mijinta ya kai ta asibitin koyarwa. Sakamako ya fito: sankarar mama, mataki na uku.

Ni na dage sai an bi mata haƙƙinta. Hajiyarmu ta ce, "Ke dai kin cika neman magana. Cuta ta Allah ce, likita ne ya sa mata?" Na yi shiru, amma washegari na nemi lauya.

Abin mamaki, maganar Barista ta kusa zama ɗaya da ta Hajiya. Ya ce, "Malama, babu alƙalin da zai kama likita don mace ta kamu da daji. Jinkirin za mu kai ƙara." Wato sai mun nuna cewa duk likita mai lura, in ya ga ƙullutun da ya ƙi baje wa magani, zai tura a yi hoto da awon nama. Sannan, wanda ya fi wuya, mu nuna wata takwas ɗin nan ne suka kai cutar inda ta kai. Wannan kuwa ba ya tabbata da bakina ko na Yaya, sai wani likitan ya tsaya ya ba da shaida. Na yi wa likitoci huɗu magana. Dukkansu sun girgiza kai da suka ji labarin, amma da an zo batun sa hannu sai ka ji "bari in yi shawara".

Barista ya kuma tambaye ni ranar zuwan Yaya na ƙarshe asibitin farko. Ashe akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara a kansu, mu kuwa mun cinye su muna zaryar kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, da neman kuɗin jini. Ya ce ana jayayya a kan hakan a kotu, amma dai mun fara da ƙafar hagu. Nan ne na fi cizon yatsa.

Fayil ɗinta kuma, sau biyu ana ce mini ba a gan shi ba. Sai da na rubuta takarda, na sa aka buga wa kwafina hatimi da kwanan wata, kafin aka fara yi mini magana kamar mutum. Abin da ya cece mu halin Yaya ne da muke yi wa dariya: ba ta yar da takarda. Ta ɗaga katifa ta zaro wata baƙar leda, ciki da katin asibiti, da takardun magani uku, da rasitan kyamis, kowanne da kwanan watansa. Ɗaya har da tabon manja. Barista ya jera su a tebur, ya ce, "To, yanzu muka fara magana."

Daga ƙarshe muka zaɓi kai koke ga Majalisar Likitoci ta Najeriya, MDCN, a Abuja, tare da takardar rantsuwa daga kotu. Kwamitin bincike ke fara dubawa, in ya ga da magana ya miƙa wa kotun ladabtarwa, wadda za ta iya jan kunnen likita, ko dakatar da shi, ko cire sunansa daga rajista. Diyya ba aikinta ba ne, wannan sai babbar kotu. Na faɗa wa Yaya haka, don kada ta sa rai da kuɗi. Ta gyara ɗankwalinta a kan da babu gashi, ta ce ita so take kawai a tambaye shi me ya hana shi cewa ta yi hoto.

Har yau muna jiran amsa. Ledar tana wurin Barista, Yaya kuma ta fara tara wata sabuwa.