Aikinmu na tantance baƙin aku a kewayen Perth

Ina da ƙaramin kamfani a Perth, babban birnin jihar Ostireliya ta Yamma, kuma mu huɗu ne muke aiki a cikinsa, har da ɗan yayata da ke karatu a nan. Magina da 'yan kwangilar hanya su ne ke ɗaukarmu mu duba fili kafin a share shi, domin dokar kare muhalli ta ƙasar ta shekarar 1999 ta hana a taɓa mazaunin tsuntsun da ke fuskantar ƙarewa ba tare da izinin gwamnati ba. Tsuntsun da ya fi ba mu aiki shi ne kokatu baƙi, wani babban aku mai tukku wanda ya fi akunmu mai jan bindi girma, kuma iri uku ne ake samu a wannan yanki.

Ɗaya daga cikinsu ba ya wahalar da kowa. Shi ne wanda mutanen Noongar, asalin mazauna yankin, suke kira karrak. Namijin baƙi ne wuluk da ja zur a gashin bindinsa, macen kuwa tana da ɗigo-ɗigon rawaya a kai da fiffike, bindinta kuma ratsi-ratsi ne na rawaya da ruwan goro. Duk wanda ya gan shi sau ɗaya ya san shi.

Sauran biyun su ne suke raba gwani da ɗan koyo. Ana kiran ɗaya da sunan Carnaby, ɗayan kuma da sunan Baudin, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Faransa. Dukansu baƙaƙe ne masu farin gashi a bindi da farin tabo a kunci, kuma a dukansu namiji yana da baƙin baki da jan zobe a ido, mace tana da baki mai hasken ƙashi da zobe ruwan toka. Kamanninsu ya kai har masana sun daɗe suna ɗaukarsu iri ɗaya, sai a shekarun 1970 aka tabbatar da cewa daban suke. Saboda haka gashi yana gaya mini namiji ne ko mace, amma ba ya gaya mini wane iri ne. Bambancin yana ga baki: na Baudin yana da tsini dogo siriri a leɓen sama, na Carnaby gajere ne mai faɗi. Sai dai tsuntsun kan hura gashin kuncinsa ya rufe rabin bakin idan yana hutawa, ga shi kuma yana can ƙololuwar bishiya, don haka ko da madubin hangen nesa mutum na iya yin minti ashirin bai ga abin da yake nema ba.

Shi ya sa nake koya wa yarana su dubi ƙasa kafin su dubi sama. Akwai wata bishiya da ake kira marri, 'yar'uwar bishiyar turare, wadda take yin 'ya'ya masu tauri kamar ƙaramar tukunya, iri na cikinsu. Duka ukun suna cin wannan iri, kuma kowanne yana barin shaidarsa a kwanson da ya yar. Baudin yakan zura dogon bakinsa ta bakin tukunyar ya zaƙulo irin, ya bar kwanson kusan lafiya lau, sai 'yan alamu kamar jinjirin wata a jikinsa inda leɓen ƙasa ya riƙe. Carnaby ba shi da wannan tsini, dole ya gutsure gefen bakin tukunyar kafin ya kai ga abinci. Karrak kuwa yayyaga kwanson yake yi da bakinsa mai kauri. Akwai kuma wani ƙaramin aku mai jan kai da yake barin alama irin ta Baudin, amma tasa ta fi ƙanƙanta, kuma nan ne ɗan koyo ya fi yin kuskure.

Ni ma na taɓa yin kuskure a shekarata ta biyu. Na ga garke a wani fili a tuddan gabashin Perth, inda iri biyun suke haɗuwa, na rubuta Carnaby domin su na saba gani a cikin gari. Ɗan yayata ne ya kawo mini kwanso cike da tafin hannu, ya ce, "Kawu, duba waɗannan, ko ɗaya ba a gutsure bakinsa ba." Na koma da asuba na zauna na saurare su, na ji kukan gajere ne mai tsinkewa, ba mai jan sauti ba irin na Carnaby. Na janye rahoton na sake rubuta shi da kuɗin aljihuna, ko da yake mai filin bai ji daɗin jinkirin ba.

Sauran aikin awo ne da haƙuri. Muna zagaya kowace bishiya da tef a daidai ƙirji, kuma wadda kaurinta ya kai santimita 50 muna rubuta ta a matsayin wadda za ta iya zama sheƙa, sai bishiyoyin wandoo da salmon gum da ake fara lissafa su daga santimita 30. Idan akwai kogo, muna ɗaga kyamara a kan doguwar sanda mu leƙa, mu duba ko an ciccije bakin kogon, ko kuwa ƙudan zuma sun riga sun mamaye shi. Kogon da zai ɗauki wannan tsuntsu ba ya samuwa sai bishiya ta haura shekara 100, ita kuma mace ƙwai ɗaya ko biyu take sakawa, mafi yawan lokuta ɗa ɗaya ke rayuwa. Da wannan lissafi nake amsa wa duk ɗan kwangilar da ya ce mini zai dasa sababbi goma a madadin tsohuwa ɗaya.

Akwai masu so in sassauta rahoto, kuma na rasa abokan ciniki biyu a kan haka. Wasu kuwa da suka ga taswirar da muka zana sukan karkatar da hanya ko su matsar da gini su bar manyan bishiyoyin a tsaye. A watan Afrilu muna rufe ofis da wuri rana ɗaya mu shiga ƙidayar da ƙungiyar BirdLife Australia take shiryawa kowace shekara, inda masu sa kai suke tsayawa a wuraren kwanan tsuntsayen da faɗuwar rana suna ƙirga su. Mu wurinmu yana arewacin gari, kusa da gandun katako na Gnangara da aka sare mafi yawansa, kuma ɗan yayata ne yake riƙe takarda yayin da nake ƙirga masu sauka a kan reshe har duhu ya hana ni ganin farin bindinsu.