Sati na uku da wasan dara: na tsaya a kan Phaser

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Har yanzu dai ina kan darar nan da nake son sakawa a burauza, irin wadda muke yi a ƙasa mai gidaje 30, kowa da 'ya'yansa 12, ka jera uku ka ci na abokin wasanka. Burina mutum ya ga link a WhatsApp ya taɓa kawai ya fara bugawa, ba sai ya sauke komai ba.

Da Godot na fara, wani injin haɗa wasannin kwamfuta, kuma wallahi ya shiga raina, kyauta ne, yarensa GDScript kamar Python yake, komai kana ganinsa a gabanka kana jansa da maus. Sai da na fitar da wasan don burauza sannan na gane cewa injin gaba ɗayansa ne yake bin wasan, fayil ɗin ya haura megabait 30 kafin a matse shi, na tura wa ƙanena ya buɗe a wayarsa mai ram 2, ya zauna yana kallon layin lodi yana rarrafe har ya ce min "Yaya, datata fa." Nan jikina ya yi sanyi, don irinsa nake yi wa wasan.

Sai na duba wasu kayan aikin: PixiJS zane kawai yake yi da sauri, sauran kai za ka haɗa. Three.js kuma na 3D ne, dara ba ta buƙata.

Sai Phaser, kayan haɗa wasannin burauza wanda Richard Davey ya fitar a 2013, sigarsa ta 3 ta zo a 2018. JavaScript ne zalla, yaren da burauza take ji, fayil ɗinsa megabait ɗaya da 'yan kai, a wayar ƙanen nawa kafin ya gyara zama allon ya fito. Amma ku kula da abu ɗaya da ya cinye min dare guda: na danna index.html, wato fayil ɗin shafin wasan, kai tsaye sai baƙin allo, hotuna sun ƙi zuwa, ashe burauza ba ta yarda a ɗauko fayil haka sai ta hanyar server, wato manhajar da ke miƙa wa burauza fayiloli, da na rubuta umarnin python -m http.server mai kunna server a cikin foldar shi kenan komai ya bayyana.

Sannan gidajen sun yi wa babban yatsa ƙanƙanta, kana nufin wannan sai ka taɓa na kusa da shi, na sa saitin Phaser mai suna Scale.FIT allon ya cika faɗin waya, na kuma faɗaɗa wurin taɓawa ya fi zanen girma.

Yanzu dokoki nake rubutawa: lokacin zuba 'ya'ya ba a jera uku, kuma jerin huɗu ba ya ci. Wannan ta biyun ce take ba ni wahala, lissafina yana ganin uku a cikin huɗu yana ba da ci. Duk wanda ya taɓa warware irinta don Allah ya nuna min yadda ya bi.