Yadda na koyar da tarihin Amurka na shekara sittin da gari ɗaya

Kwas ɗin da aka ba ni a sashen tarihi ya ƙunshi Amurka daga 1941 zuwa farkon shekarun 2000, kuma a zango ɗaya ake so a gama shi. Manhajar da na gada jerin shugabanni ce: Roosevelt, Truman, Eisenhower, haka har kan Clinton, kowa da shekarunsa da dokokinsa. Ɗalibi zai iya haddace ta tsaf ya ci jarrabawa. Amma tambaye shi ta yaya leburan masana'anta ya mallaki gida da mota a 1955, me kuma ya sa abin ya gagari jikansa, sai ya tsaya yana kallonka. Shi ya sa na ajiye jerin a gefe, na ɗauki Detroit, cibiyar ƙera motoci da ke jihar Michigan, na ce wa ɗalibai wannan garin za mu bi, mu ga ta inda aiki ya shigo masa, ta inda ya fita, da kuma hannun wa ke ciki.

Da yaƙi muka fara. A Disambar 1940, shekara guda kafin Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, Roosevelt ya shaida wa Amurkawa ta rediyo cewa dole ƙasarsu ta zama rumbun makaman ƙasashen dimokuraɗiyya. A Fabrairun 1942 aka tsayar da ƙera motocin hawa baki ɗaya. Chrysler ya koma yin tankokin yaƙi a Warren, Ford kuma ya buɗe masana'antar Willow Run yamma da birnin, inda zuwa 1944 jirgin yaƙi samfurin B-24 ke fitowa kusan ɗaya a kowace awa. Ba mu da majigi, sai na kai hoton cikin masana'antar shagon kwafi aka buga mini shi baƙi da fari. Ya yi ta yawo daga benci zuwa benci har gefensa ya lanƙwashe: jirage a jere, hancin wannan na bin wutsiyar wancan, iya ganinka. Wani ɗalibi ya ɗago kai ya ce, "Malam, lallai Ford ɗin nan ya tara abin duniya." Na ce masa da kuɗin gwamnati aka gina wurin, mallakarta ne, kuma ita kaɗai ce mai sayen abin da ake ƙerawa.

Wannan magana ta yi musu nauyi, domin akasarinsu sun shigo aji da ra'ayin cewa kasuwa ce ta gina Amurka, gwamnati tana gefe ta naɗe hannu. Ga shi kuwa gwamnatin ce ke ƙayyade farashi, sukari da nama da fetur sai da kati, ita ke faɗa wa kamfani abin da zai ƙera. Rashin aikin yi da ya kai kusan kashi 25 cikin ɗari a 1933 ya sauko ƙasa da kashi 2 a 1944, kuma kuɗin yaƙi ne ya saukar da shi. Daga ranar na ɗora musu ɗabi'ar yin tambaya ɗaya a kan kowane babi: wa ya biya?

Tambaya ta biyu su suka kawo ta da kansu, wato wa aka bari a waje. Baƙar fata sun yi ta kwarara daga jihohin Kudu zuwa Detroit neman aiki, kuma ba da daɗin rai aka buɗe musu ƙofa ba. Sai da A. Philip Randolph, wani jagoran ƙwadago baƙar fata, ya yi barazanar tara dubban mutane su yi tattaki zuwa Washington kafin Roosevelt ya sa hannu, a Yunin 1941, kan umarnin hana wariya a masana'antun yaƙi. Aiki ya samu, wurin kwana ya gagara. A Yunin 1943 rikici ya ɓarke a birnin, mutum 34 suka mutu, 25 daga cikinsu baƙar fata ne. Amma abin da ya fi tsaya wa ɗaliban a rai wata katanga ce kusa da titin Eight Mile. Hukumar tarayya mai lamunce bashin gidaje ba ta yarda ta tsaya wa unguwar da ke maƙwabtaka da baƙar fata ba, sai mai gina rukunin gidajen fararen fata ya ja katangar siminti a 1941, tsayinta ƙafa shida, tsawonta kusan rabin mil, aka kuwa ba shi lamunin. Tana nan tsaye har yau. Bayan sun ga hotonta ban sha wahalar bayyana dokar tallafa wa tsoffin sojoji ta 1944 ba, wadda ta kai miliyoyi jami'a ta ba su bashin gida, amma a hannun bankuna da jami'an gari aka bar rabon, su kuma sun san wanda suke so.

Darasin da ya fi armashi shi ne na yarjejeniyar 1950 tsakanin General Motors da ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ƙarƙashin Walter Reuther. Kafin na faɗa musu abin da ke cikinta, na raba ajin biyu, ɓangaren kamfani da ɓangaren ƙwadago, na ce su yi ciniki. 'Yan ƙwadago suka dage kan ƙarin albashi, aka yi ta ja-in-ja kamar ana taya sa a kara. Wata ɗaliba ce daga can baya ta ce, "Malam, to in mutum ya tsufa ko ya kwanta ciwo fa?" Nan ne ainihin maganar take. Abin da Reuther ya karɓo ya haɗa da fansho, da taimakon kuɗin asibiti, da ƙarin albashi mai bin tsadar rayuwa, shi kuma kamfani ya samu shekara biyar ba yajin aiki, da ikon tafiyar da masana'antarsa yadda ya ga dama. Truman ya nemi a kafa inshorar lafiya ta ƙasa baki ɗaya, majalisa ba ta yarda ba, don haka lafiyar ma'aikaci da tsufansa suka rataya a wuyan kamfanin da yake wa aiki. Muddin kamfanin na cin riba, lafiya lau. A wancan lokacin Turai da Japan ba su gama farfaɗowa daga yaƙi ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan Amurka 'yan ƙungiya ne, mutanen Detroit kuma sun kai kusan miliyan 1.85.

Ɗalibai suna son a ba su mai laifi ɗaya, kuma tun farkon zango sun riga sun zaɓi Sin da Meziko. Sai da na rubuta musu shekaru a allo suka ga cewa garin ya fara zubewa tun ana cikin daula. A shekarun 1950 kamfanoni suka fara kwashe masana'antu zuwa bayan gari da jihohin da ƙungiyoyin ƙwadago ba su da ƙarfi, injuna na maye gurbin hannu, kamfanin motoci na Packard ya rufe. Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta sauƙaƙa wa mai hali ya kwana a bayan gari ya yi aiki a ciki, harajinsa kuma ya bi shi can. Ɗaya daga hanyoyin ta bi ta kan titin Hastings, cibiyar kasuwancin baƙar fata, ta shafe shi. Tarzomar Yulin 1967, wadda ta ci rai 43, ta tarar da garin ya riga ya yi nisa a wannan hanya.

Shekarun 1970 ne suka farkar da masu gyangyaɗi, saboda a nan labarin ya iso gida. Nixon ya raba dala da zinari a Agustan 1971. A Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, gangar da ake sayarwa kusan dala 3 ta doshi dala 12. Amurkawa suka shiga layin gidajen mai, suka fara juya wa manyan motocin Detroit masu shan fetur baya suna sayen ƙananan na Japan. Kuɗin da ya fita daga aljihunsu kuwa wani kaso nasa nan Najeriya ya sauka: shi ne zamanin ƙarin albashin Udoji, kuma a 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Sannan Paul Volcker ya karɓi babban bankin Amurka a 1979, ya ɗaga kuɗin ruwa har kusan kashi 20 don ya karya hauhawar farashi. Ya karya ta, amma rashin aikin yi ya kai kashi 10.8 a ƙarshen 1982, ƙasashen da suka ci bashi da dala kuma suka shiga uku, Meziko ta fara gazawa a 1982, mu kuma muka wayi gari da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986. A tsakanin nan Reagan ya kori ma'aikatan hasumiyar filayen jirgin sama fiye da 11,000 da suka shiga yajin aiki a 1981, kamfanoni suka gane cewa zamanin Reuther ya wuce.

Da muka iso kan yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meziko ta 1994 da shigar Sin ƙungiyar ciniki ta duniya a Disambar 2001, ɗaliban sun riga sun iya auna abin da kansu. Ayyukan masana'antu a Amurka sun kai ƙololuwa a 1979, kusan miliyan 19.5. A 2000 suna wajen miliyan 17, zuwa 2010 sun faɗo kusan miliyan 11.5. Faɗuwar ƙarshen nan mai tsanani ce, kuma kayan Sin na da hannu a ciki, amma ta samu ma'aikaci ba ƙungiya mai ƙarfi, inshorarsa kuma na tafiya tare da aikinsa. Wani ɗalibi da mahaifinsa ya yi aikin masaƙa a Kakuri ya ce shi wannan babin ba sai an karanta masa ba. Na bar shi ya yi magana, na kuma ja hankalin ajin kada su mayar da labarin biyu ɗaya, domin Amurka na cikin masu rubuta dokokin cinikin, mu kuwa tarar da su muka yi a rubuce.

Hanyar tana da giɓi. Wanda ya kalli Amurka ta Detroit kaɗai zai ɗauka ƙasar gaba ɗaya ta tsiyace ne, alhali lokacin da birnin ke raguwa, har ya kai ga bayyana fatara a kotu a 2013, kuɗin tsaro da na mai da na kwamfuta suna gina Texas da California. Yaƙin Vietnam da gwagwarmayar mata ma a gurguje muka taɓa su. A zango mai zuwa zan haɗa Detroit da Houston ta jihar Texas, mako ɗaya nan, mako ɗaya can, zan kuma fara babin Houston da jirgin ruwan Malcom McLean da ya taso daga Newark a 1956 ɗauke da kwantena 58, ya sauke su a tasharta.