Koren fasfo a kasuwar Deira

Na sauka Dubai a ƙarshen 2019 da akwati ɗaya da lambar wayar wani Alhaji ɗan unguwarmu a Fagge, wanda ya daɗe yana tura kaya daga Deira zuwa Kano. Shi ya yi mini hanyar bizar aiki. 'Yan kasuwar Kwari da masu wayoyi na Farm Centre su turo kuɗi da jerin abin da suke so, mu kuma mu shiga kasuwa mu sayo abaya da gyale da turare da wayoyi, mu ɗaure, mu auna, mu miƙa wa masu jirgi. Aikin ke nan.

Watannin farko na kwana a ɗaki ɗaya da mutum biyar, gado bisa gado. Na koyi shan shayin karak na dirhami ɗaya da haye ruwa a ƙaramin jirgin da suke kira abra. Larabcin da na yi taƙama da shi daga Islamiyya bai yi mini wani amfani ba, domin yawancin masu shaguna 'yan Indiya ne da Pakistan, ciniki kuwa da gurguwar Turanci da na'urar lissafi ake yin sa. Duk wannan na saba da shi cikin wata uku. Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne yadda fuskar mutum take sauyawa idan na faɗi sunan ƙasata.

Akwai wani mai sarin wayoyi a unguwar Naif, cikin Deira, da Alhaji ya fara aika ni wurinsa. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya. Ya ja kwalin da ya riga ya turo gabana ya mayar bayan kanta, ya ce sai kuɗi sun shiga hannunsa tukuna. A gabana wani ɗan Tanzaniya ya kwashi kaya da alkawarin biya bayan mako guda. Da na koma na faɗa wa Alhaji, bai ko ɗago kai daga littafinsa ba. Ya ce, "Yaro, bashin da wasu suka ci ne muke biya. Koma ka ba shi kuɗinsa, ka karɓo rasit." Haka ma da na tashi neman ɗakin kaina, dillalai biyu suka katse waya da jin sunan ƙasar.

A watan Yunin 2020 'yan sandan Dubai suka kama Ramon Abbas, wanda duniya ta sani da Hushpuppi, suka kuma fitar da bidiyon kamen: motoci a jere, jakunkuna cike da kuɗi. Mutumin da ya yi shekaru yana baje kolin agogo da jirage a Instagram, miliyoyi suna bibiyarsa. Aka miƙa shi ga Amurka, ya amsa laifi, a Nuwamban 2022 kotu a Los Angeles ta ɗaure shi wata 135. A makon kamen babu shagon da na shiga da ba a miƙo mini waya an ce in kalli ɗan ƙasarmu ba.

Amsar da na riƙa bayarwa a lokacin ita ce nake jin nauyinta har yau. Cewa nake yi, "Ai ba mutanenmu ba ne, mu daga arewa muke." Rannan na faɗi haka a gaban wani Ibo mai tura kayan gyaran mota, wanda sitonsa ke jikin namu, mutumin da ya ba ni aron amalanke ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Bai ce mini uffan a wurin ba. Da yamma ya same ni ina ɗaure kaya, ya ce shekarunsa goma sha a wannan kasuwa bai taɓa cin sisin kowa ba, kuma Ba'indiyen da nake wanke kaina a gabansa bai san bambancin Kano da Onitsha ba, koren fasfo kawai yake gani. Na ba shi haƙuri. Gaskiya ya faɗa, kuma akwai wata gaskiyar da bai faɗa ba da ni na sani. Lambar nan 419 daga kundin laifuffuka na kudu ta fito, mu a arewa da Penal Code ake hukunci, amma laifin yana nan a ƙarƙashin wata lamba, masu yin sa ma suna nan. Wa bai san masu kira da Hausa rangaɗaɗau su ce daga banki suke, a ba su lambar da aka turo ba? Wa bai san masu alkawarin ninka kuɗi ba? Gwaggota ta yi asarar kuɗin adashenta a irin wannan kira, ta yi wata guda ba ta faɗa wa kowa ba don kunya.

Sunan ya daɗe da ɓaci, tun kafin intanet ta shigo. Da wasiƙa da saƙon faks aka fara. Emmanuel Nwude ya yaudari wani jami'in bankin Brazil da kwangilar filin jirgin sama na ƙarya a Abuja, aka kwashe dala miliyan 242, sai a 2005 aka yanke masa hukunci, bayan an kafa EFCC a ƙarƙashin Nuhu Ribadu. Shekara kusan talatin ke nan mutane a ƙasashe daban-daban suna buɗe saƙo su ga sunan Najeriya a jikin ƙarya. Wanda bai taɓa haɗuwa da ɗan Najeriya ba, da wannan saƙon ya san mu. An ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, waken ya fi ɗaya.

Na san ba mu kaɗai ke yi ba. A Disamban 2024 EFCC ta kama mutum 792 a wani gini a Legas, 148 daga cikinsu 'yan China ne, 40 'yan Filifin, sun ɗauki yaranmu aiki suna damfarar Turawa da soyayyar ƙarya da jarin kirifto. Nakan kawo wannan idan gardama ta yi zafi. Sai dai ba ya sanyaya mini zuciya idan na tuna yaron nan ɗan shekara 17 a jihar Michigan da ya kashe kansa a 2022, bayan wasu 'yan'uwa biyu daga Legas sun yaudare shi ya tura hoton tsiraicinsa, suka ce ko kuɗi ko su watsa. An ɗaure su shekara 17 da rabi kowanne. A 2024 kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 daga Najeriya saboda irin wannan aiki. Ina da ƙane sa'an yaron nan. Uwar da ta binne ɗanta ta haka, da wane baki zan ce mata ta yi mana adalci?

A 2022 Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, kamfanin jiragen sama na Emirates ma ya daina zuwa saboda kuɗaɗensa da suka maƙale a ƙasar, sai a 2024 aka warware. A tsakanin nan alhazan da suka saba zuwa da kansu su zaɓi kaya ba su da hanya. Sai suka koma turo mana kuɗi, wani ma bai taɓa ganin fuskata ba, muryata kawai ya sani a WhatsApp. Mutum ya ɗauki jarin da ya tara shekara ashirin ya damƙa wa yaron da ke wata ƙasa, babu takarda, babu lauya, sai "Allah ya kai lafiya". Haka Kwari take tafiya, haka Wapa take tafiya tun kakanni. Na sha zama da dare ina mamakin yadda ƙasar da ake wannan irin amana a cikinta ita ce aka sani da damfara. A shekarar da aka kama Hushpuppi, kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda samari biyu 'yan Najeriya suka kafa don karɓar kuɗi ta intanet, a kan fiye da dala miliyan 200. Wannan labarin ba wanda ya miƙo mini waya ya ce in kalla.

Jarrabawar ta zo mini har gida. Wani saurayi da muke sallah tare, Bahaushe ɗan'uwana, ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, taimako za ka yi mini. Kuɗi za su shigo asusunka, ka cire ka ba ni, kashi goma naka ne." Na tambaye shi kuɗin mene ne, ya ce harka ce kawai. A lokacin ina neman kuɗin aikin idon Hajiyarmu, kuma abin da ya ambata ya kusa isa. Na kwana ban yi barci ba. Da asuba na ce masa a'a, na kuma faɗa wa Alhaji. A nan na gane cewa mai damfara ba ya aiki shi kaɗai. Sai da mai ba shi aron asusu, da mai canza masa kuɗin ba tambaya, da mai sayar masa da gwal ya rufe ido.

Sai kuma gida. A da idan yaro ya shigo da abin da ya fi ƙarfinsa, kafin ya zauna uwa ta tare shi da "ina ka samo?" Yanzu ɗan shekara ashirin da biyu ba sana'a ba aiki zai faka mota a ƙofar gida, a yi guɗa, maroƙa su wasa shi, a ba shi 'ya, a karɓi gudummawarsa a masallaci a sa masa albarka. Na san talauci, na san zaman kashe wando bayan an gama jami'a, shi ya fitar da ni daga Kano. Yaran nan da suka iya kwamfuta suna buƙatar aikin da zai biya su, kuma kotu ta riƙa gama shari'ar manya da saurin da take gama ta ƙanana. Amma tambayar nan ta uwa ba ta jiran gwamnati. Ni dai duk kuɗin da na tura gida, Hajiya takan tambaye ni na wane kaya ne, kuma ina jin daɗin tambayar.

Mai wayoyin nan na Naif, shekara biyu na yi ina biyansa kafin in taɓa kwali. Wata rana yaransa suka yi kuskure suka sa mini wayoyi goma fiye da abin da ke rasit. Sai da na kai sito na ƙirga na gani. Na mayar masa a daren. Ya ƙirga, ya dube ni, bai ce komai ba. Bayan mako biyu na zo sayayya kuɗin Kano ba su iso ba, na ce zan dawo gobe. Ya buɗe littafin bashi ya rubuta sunana, ya ce in ɗauka.

Watan jiya wani yaro ya iso daga Zariya, Alhaji ya ce in zagaya da shi kasuwa. Da muka shiga shagon, mutumin ya tambaye shi daga ina, yaron ya ce Najeriya, na ga hannunsa ya nufi kwalin. Sai ya tsaya ya juyo gare ni ya ce, "Ka san shi?" Na ce na san mahaifinsa. Ya ce in sa hannu a gefen sunansa, na sa. Ranar Alhamis wa'adin yake cika, kuma tun jiya yaron ya kira ni ya ce kuɗin suna hannunsa.